'YAN'UWANMU DA YAƘI YA RUTSA DA SU A ƘASASHEN WAJE: WA ZAI NEMO SU?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar a babban taron ƙungiya, wanda ya haɗa 'yan'uwa na Nguru da na Gashuwa. Mun buga shi ne saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



An umurce ni in yi magana a kan mutanenmu da ake tsarewa a ƙasashen da ake yaƙi, da irin ƙoƙarin da ake yi wajen kuɓutar da su. Ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba kuwa lauya ba. Ɗan kasuwa ne, kuma a kasuwa ne labari yake fara sauka kafin ya isa rediyo. Maganata guda ɗaya ce, ita zan yi ta juyawa har in zauna: a ƙasar da ake yaƙi, wanda ake cetowa shi ne wanda sunansa yake rubuce a hannun wani mai nemansa. Wanda ba a rubuta ba, ko jirgi goma gwamnati ta aika, sai a tashi a bar shi.

Mu dai jama'ar tafiya ne. Kakannin yawancinmu jirgin ƙasa ne ya kawo su, tun da layin dogo ya iso Nguru a wajen 1930. Suka zo cinikin gyaɗa da ƙaro da fata da ƙirgi da shanu, suka zauna a Hausari, wasu suka wuce Gashuwa suka kafa Zango da Sabon Gari. Mangawa da Badawa da Barebari suka karɓe su hannu biyu, Allah ya saka musu da alheri. Saboda haka ba mu ne za mu ce wa yaro kada ya fita neman halalinsa ba. Amma a tuna yadda iyayenmu suke tafiya. Ayari yana da madugu, kuma a kowane zango sai an ƙirga mutane da dabbobi kafin a ɗaura kaya. In baƙo ya sauka a gari yana da maigida, wanda zai tsaya masa in magana ta taso. To, yau yaro yakan fita da asuba da 'yar jakarsa, ya bi ta Machina ko ta Gaidam ya shiga Nijar, daga Damagaram sai Agadas, sai Dirku, sai Gatrun, sai Sabha a ƙasar Libiya, babu madugu, babu maigida, babu wanda ya ƙirga shi.

ABIN DA YA FARU A LABERIYA

Bari in fara da abin da manyanmu a nan za su iya tunawa. A ranar 24 ga Disamba 1989 Charles Taylor ya shiga Laberiya da 'yan tawayensa don ya kifar da gwamnatin Samuel Doe. Da abin ya ƙazanta, sai ƙasashen Afirka ta Yamma suka haɗa rundunar ECOMOG, Nijeriya ce kan gaba a zamanin Janar Babangida, suka sauka a Manrobiya a watan Agusta 1990. Shi kuwa Taylor bai yarda da zuwansu ba, sai ya huce a kan talakawa. Duk ɗan Nijeriya ko ɗan Gana ko ɗan Gini da ke yankin da yake riƙe da shi ya zama abokin gaba. Mutanensa suka shiga har harabar ofishin jakadancin Nijeriya, inda jama'a suka fake, suka kwashe mutane. An tsare wasu wata da watanni, an kashe wasu. Sai da aka yi ta zaman sulhu, aka tsagaita wuta a Bamako a watan Nuwamba na wannan shekara, kafin al'amura suka fara sassautawa.

A cikin waɗanda suka halaka akwai 'yan jarida biyu, Krees Imodibie na jaridar Guardian da Tayo Awotusin na jaridar Champion. Har gobe ana ambaton sunayensu. Me ya sa? Domin suna da gidajen jarida da ƙungiya da suka yi ta tambaya, ba su gaji ba. To, ina sunayen ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da aka kwashe tare da su? Wa ya riƙe? Shi kansa Taylor, a nan kusa da mu, a Gamborun Ngala, aka kama shi a 2006 yana neman tsallakawa Kamaru, kuma a 2012 wata kotu ta musamman ta ɗaure shi shekara 50 a kan ta'asar da aka yi a Saliyo. Amma ɗaurinsa bai dawo wa kowa da ɗansa ba.

Darasin Laberiya shi ne, kana zaune lafiya a ƙasar mutane kana cinikinka, wata shawara da aka yanke a wani babban birni, wadda ba a tambaye ka ba, sai ta mayar da kai abin garkuwa a dare ɗaya.

LIBIYA, WADDA ITA CE HANYARMU

Yanzu in zo kan wadda ta fi shafarmu. A watan Fabrairu 2011 aka tayar wa Gaddafi da bore daga Bangazi, jiragen NATO suka shiga faɗan, Turabulus ta faɗi a watan Agusta, aka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. A cikin wannan hargitsi aka baza maganar cewa Gaddafi ya ɗauko baƙaƙen fata sojan haya. Shi ke nan, sai baƙar fata ta zama laifi. Leburan gini da mai gadin gona da makiyayi da tela, aka yi ta tare su a shingaye ana jefawa a kurkuku ba tare da shari'a ba. Gwamnatin Nijeriya ta aika jirage ta kwaso waɗanda suka iya kaiwa filin jirgin Turabulus. Na kudu kuwa, irin mutanenmu, sai dai suka hau manyan motoci suka keto sahara zuwa Dirku da Agadas, wanda ya kai ya kai.

Daga 2014 ƙasar ta rabu, gwamnati a yamma, wata a gabas, ga kuma ƙungiyoyin 'yan bindiga kowace da garinta. A nan ne nake so a fahimci wani abu, domin shi ne tushen maganar. Tsarewa a Libiya iri biyu ce.

Akwai gidajen tsare baƙi na hukuma, irin na Tariƙus Sikka da ke Turabulus, da na Tajura. Dokar ƙasar ta ɗauki shiga ba takarda a matsayin laifi, saboda haka in an kama mutum can ake kai shi. Wahala ce tsagwaronta, amma aƙalla an san inda gidan yake. Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya da aka ƙulla a Biyana a 1963, wadda ta ce in an tsare baƙo yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema, kuma jami'an ofishin suna da haƙƙin su ziyarce shi. Ta wannan ƙofa ce hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IOM, take shiga. Jami'in jakadanci zai zo ya yi wa mutum tambayoyi, ya tabbatar ɗan Nijeriya ne, ya ba shi takardar tafiya ta gaggawa, sannan a sa shi a jirgi.

Sai kuma iri na biyu, wanda direbobin sahara da kansu suka raɗa wa suna da Hausa, wato gidan bashi. Yaro ya tashi ba shi da cikakken kuɗin mota, a ce masa ba komai, hau ka biya in ka isa. Da an isa Sabha sai direba ya miƙa shi ga mai gidan bashi ya karɓi kuɗinsa. A kulle shi, a ba shi waya a ce kira gida, ana dukansa don uwarsa ta ji kukansa. Garin Bani Walid ma ya yi ƙaurin suna a kan wannan. Irin wannan gida ba ya cikin littafin kowace gwamnati, ba ruwansa da yarjejeniyar Biyana, kuma tsakanin Sabha da ofishin jakadancinmu na Turabulus akwai tafiyar sama da kilomita 700.

Duniya ba ta farga sosai ba sai a watan Nuwamba 2017, da gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon mutane a kusa da Turabulus, ana sallamawa a kan dala 400. Aka yi taron shugabannin Afirka da na Turai a Abijan a ƙarshen watan, Shugaba Buhari ya yi alkawarin za a dawo da 'yan Nijeriya. A watan Janairu 2018 ministan harkokin waje na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya jagoranci tawaga zuwa Turabulus, aka yi shirin kwaso mutum sama da 5,000, jirage suka fara sauke su a Fatakwal. Wannan ƙoƙari ne, kuma ya kamata a yaba. Amma a tambaya, su wa aka kwaso? Waɗanda aka iske a gidajen hukuma, aka rubuta sunayensu. Wanda yake gidan bashi a kudu, ko ƙarar jirgin bai ji ba.

Kada kuma wani ya ce tun da yana hannun hukuma a bar shi zuwa bayan kaka. A daren 2 ga Yuli 2019, lokacin da Janar Haftar yake yaƙin kama Turabulus, jirgin yaƙi ya jefa bam a gidan tsare baƙi na Tajura, mutum aƙalla 53 suka mutu, suna kulle ba su da hanyar gudu. A ƙasar yaƙi kowace rana da mutum ya ƙara a tsare, rana ce ta kasada.

SUDAN, DA MAGANAR TAKARDA

Misali na uku gajere ne, amma ya fi kowanne taɓa mu mazauna nan. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Hamidati. Gwamnatin tarayya ta yi hayar motocin safa, aka ɗebi 'yan Nijeriya zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a fili ana jiran izinin shiga. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, kuma kafin a gama an kwaso sama da mutum 2,500, wasu ta Aswan wasu ta Fot Sudan. Yawancinsu ɗalibai ne. Ɗalibi yana da fasfo, yana da makaranta, yana da ƙungiya mai jerin sunaye. Alhali kowa ya san yawan jama'armu a Sudan tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, tun da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka wuce gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Mai turin baro da mai sayar da shayi da tsohuwar da ta maƙale a hanyar hajji ba takarda, wace mota za su hau?

Kuma da jiragen suka sauka, gwamnatocin jihohi ne suka riƙa aikawa a ɗauko 'ya'yansu, kowace da nata jerin. To, a nan ne nake so mu buɗe kunne. Yaron da aka haifa a Hausari, ubansa ma a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano ko Haɗeja ko Katsina, in an tambaye shi ƙaramar hukumarsa, me zai ce, kuma wace takarda zai nuna? In ba a gyara masa wannan tun yana gida ba, yana iya faɗawa tsakani, nan a ɗauka na can ne, can kuwa ba wanda ya taɓa ganinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

WA NAUYIN YAKE KANSA?

Waɗanda muka zauna gaban malamai mun ji cewa fansar wanda aka kama wajibi ne a kan al'umma, kuma malamanmu na Malikiyya sun jera abin daki-daki: a fara da baitulmali, in bai isa ba sai dukiyar jama'a, sannan daga ƙarshe dukiyar shi wanda aka kama. A yaren yau, gwamnati, sai ƙungiya irin tamu, sai iyali. Mu kuwa mun juya abin ƙafa a sama. Waya tana shigowa cikin dare, uba zai rufe bakinsa don kunya, ya sayar da gonar fadama, uwa ta sayar da 'yan awakinta da kwanukan 'yarta, a tura kuɗi. Sai bayan an tura sau biyu ba a ga yaro ba, sannan a zo wurin mai unguwa. Na ga wani bawan Allah a layinmu da ya yi haka, daga baya ta bayyana wanda yake bugo wayar ma ba shi ne yake riƙe da yaron ba, lambar gidan kawai ya samu. Mai gidan bashi kuwa, in ya ga kuɗi sun zo da sauri, sai ya ce wannan gidan akwai sauran romo, ya ƙara farashi ko ya sayar da yaron ga wani.

SHAWARWARINA GA ƘUNGIYA

Na farko, mu buɗe littafin matafiya, ɗaya a Nguru ɗaya a Gashuwa, a hannun magatakarda tare da sanin Sarkin Hausawa. Duk wanda zai ƙetare iyaka don ci-rani ko karatu ko fatauci, a rubuta sunansa da na mahaifinsa, da unguwarsu, da hotonsa, da lambar katin ɗan ƙasa, da hoton fasfo in yana da shi, da garin da ya nufa, da wanda zai sauka a wurinsa, da wanda ya yi masa hanya. Ba don a hana shi ba. Littafin sirri ne, ba na tsegumi ba. Shi ne zai zame mana madugu.

Na biyu, kowane uba ya tabbatar 'ya'yansa suna da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar shaidar ƙaramar hukuma tun kafin buƙata ta taso. Inda aka sami cikas, shugabanni su je da ladabi su zauna da iyayen ƙasa a warware. Fadar Mai Martaba Sarkin Nguru da fadar Mai Bade ba su taɓa rufe mana ƙofa ba.

Na uku, in labarin kamu ya zo, a sanar da ƙungiya a ranar. A rubuta lambar da aka kira da ita, da lokacin, da sunan garin da aka ambata. Ƙungiya ta rubuta takarda mai hatimi, domin gwamnati ba ta aiki da an ce. Takardar ta bi ta fada da shugaban ƙaramar hukuma zuwa Damaturu, kwafi ya je wa 'yan majalisarmu na tarayya, su tura wa Ma'aikatar Harkokin Waje da hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, wato NiDCOM. Ba mu rasa wakilai a Abuja ba, ai daga 2019 zuwa 2023 ɗan Gashuwa ne, Sanata Ahmad Lawan, ya shugabanci majalisar dattawa. In mace ce aka yaudara da sunan aikin gida, a haɗa da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. In kuwa an daina jin ɗuriyar mutum ne ɗungurungum, a je wa ƙungiyar Red Cross, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace a wuraren yaƙi, suna shiga gidajen yari da yawa, suna kai saƙo tsakanin fursuna da iyalinsa, kuma ba sa karɓar ko kwabo.

Na huɗu, maganar kuɗi. Kada wani gida ya tura kuɗi shi kaɗai. A fara neman tabbacin yaron yana raye kuma yana hannun mai maganar, ta hanyar tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. A nemi shugabannin Hausawa na Agadas da na Sabha, domin duk inda Bahaushe ya taru yana da sarki, kuma su suka san gidajen. Mu kafa ɗan asusu, kowane ɗan kasuwa ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa, don kuɗin waya da na motar masu kai takarda da na ɗauko wanda aka saki daga filin jirgin Kano ko Legas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, wanda Allah ya dawo da shi, a karɓe shi. Kada a tare shi da ina tsaraba, kada a mayar da shi abin dariya a majalisa. Da yawa suna ƙin rubuta sunansu a jirgin dawowa ne don tsoron bakinmu. A sa shi a rumfa, a ba shi ɗan jari ko a haɗa shi da mai sana'a. Sannan a zauna da shi a tambaye shi su wa ya baro a ciki, domin shi ne ya fi kowa sanin sunayensu da inda suke. Mutum ɗaya da ya fito yana iya zama sanadin fitowar goma.

Samari, ku nake roƙo daga ƙarshe. Duk wanda ya ce maka hau ka biya in ka isa, to, kai ne hajar. In tafiyar ta zama dole, ka tafi da kuɗin motarka cikakku, ka haddace lambar waya biyu a ka, domin wayar ce abin da ake fara ƙwacewa, kuma ka sallami mahaifanka. In an tsare ka a hannun hukuma, ka faɗi sunanka na gaskiya da garinku na gaskiya, ka nemi a sanar da ofishin jakadancin Nijeriya.

Mai girma shugaba, ina roƙon kada mu watse yau sai an zaɓi mutum biyar, uku maza biyu mata, da za su riƙe wannan aiki, kuma duk wanda yake da ɗa ko ƙane da aka daina jin labarinsa, ya tsaya bayan addu'a ya ba magatakarda sunansa. Mu fara da waɗannan.

Allah ya kuɓutar da duk wanda yake tsare, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a sahara da teku da gidajen yari, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.